Waliyyin Zakiyya

Ranar da Zakiyya ta gama gwajin nahawu jan biro bai taɓa takardarta ba, ranar Malam Mansir ya rasa ta.

Ya bi takardar layi-layi yana neman kuskure. Babu.

"Satar amsa kika yi?"

"Wajen wa, Malam? Patricia?"

Patricia, abokiyar aikinta a asibiti, ta ɗaga tata takardar, jajir kamar an yanka kaza a kai. "Ni ko kyauta na ba ta amsa ba za ta karɓa ba."

Bai yi dariya ba. Tun rasuwar matarsa ya daina. A Jamus ya yi karatun injiniya, ya dawo ya koyar har ya yi ritaya, yanzu ga shi a wani shago a Yelwa yana koya wa ma'aikatan jinya Jamusanci don su je su wanke tsofaffin Turawa. Haka yake faɗa musu, ido da ido. A ganinsa rabinsu ko Hausar kirki ba su iya ba.

Zakiyya kaɗai ke mayar masa da magana, shi kuwa ya wayi gari yana jiran darasin ƙarfe huɗu kamar wani saurayi.

Da aka tashi ba ta bi Patricia ba.

"Baffa ya ce ko na ci jarrabawar Legas, ba inda za ni ba aure."

"To?"

"Goggo ta ce ga ɗanta Auwalu."

Ya san Auwalu. Yana zuwa ɗaukarta a mashin ɗin aro, sanye da rigar sanyi cikin zafin Bauchi, wai yana sabawa da sanyin Jamus.

"Mai 'Zakina, hasken idona'? Biza yake so, ba ke ba."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Shi dai ya buɗe baki ya faɗa, Malam..." Ta tsare shi da ido. "Ko akwai wani ne?"

Ya shiga jera littattafan da suke a jere.

"Ki maimaita babin sifa. Nan ake kayar da masu rawar kai."

Ta ɗauki jakarta ta fita.

Ta je Legas, ta ci jarrabawa. Sai a lokacin Malam Mansir ya ciro babbar rigar da bai sa ba tun matarsa na da rai, ya tari keke zuwa Fadaman Mada, yana tsara magana a ransa.

Ba yau ya fara zuwa gidan ba. Farkon karatun, Baffa Bakari, wan mahaifinta da ya riƙe ta, ya ce ba za ta zauna gaban namijin da ba mata a gidansa ba. Malam Mansir ya zo da kansa ya dafa ƙirji: "Alhaji, 'yata ce. Yadda kake uba haka nake." A lokacin gani yake ya yi wa tsoho wayo.

Yau zauren cike yake da dattawa.

"Ga uban yarinya," in ji Baffa. "Ka hutar da ni aike. Mun yi shawara, kai ne waliyyi. Ni riƙo na yi, kai ka ba ta abin da za ta ci abinci da shi. Da bakinka ka ce taka ce, to ka ba da ita."

"Ma sha Allah," dattawa suka amsa. "An yi karamci."

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya taɓa kai littafi ƙarshe a cikinsu, amma ga shi sun ɗaure shi da maganarsa. A garin nan ba a mayar da irin wannan girma a gaban jama'a, uba kuma ba ya neman 'yarsa.

"Na gode, Alhaji."

A bakin ƙofa Zakiyya ta tare shi. Ta ji komai.

"Ka karɓa?"

"An girmama ni."

Ta dubi babbar rigar tun daga wuya har ƙasa.

"Don a girmama ka ka ciro wannan?"

Ya gyara hannun rigar.

"Kullum kana raina mutane don ba su iya haɗa jimla ba..." Ta gyara mayafi, ta ɗan rusuna. "Allah ya saka da alheri, Baba."

Ba ta taɓa kiransa haka ba.

Ranar ɗaurin aure wakilin ango ya nema wa Auwalu auren Zakiyya. Malam Mansir ya ce ya ba shi, da murya tsaf, ba gargada. Auwalu ya rungume shi yana ƙamshin turaren aro.

Yanzu tana Jamus. An ce Auwalu yana can yana ɗaukar hoto cikin ƙanƙara. Malam Mansir yana nan a Yelwa, jan bironsa ya ƙara kaifi.

Maganar da ya tsara a cikin keken nan gajeriya ce, ba kuskure ko ɗaya a cikinta.

"Alhaji, ba 'yata ba ce. Ni nake sonta."