Kyamarar da Ta Ƙi Sallama

Akwai wani mai gyaran kwamfuta da ke da ɗan shago a ƙarƙashin wani bene, tsakanin tela da mai sayar da fitilu. Shagon bai fi taku huɗu ba, amma cike yake da matattun kwamfutoci a kan kanta, da wayoyi a rataye kamar igiyar shanya, da ƙaurin dalma da ba ya barin wurin. Injiniya mutanen layin suke ce masa, ko da yake da hannu ya koyi aikin. Mutum ne mai sanyin hali. Ɗiya ɗaya Allah Ya ba shi, hotonta ne ma a fuskar kwamfutarsa, tana dariya da giɓi, ranar da ta fara zuwa makaranta.

Dokoki biyu gare shi a wajen aiki, har an gaji da jin su. Ta farko, ba ya kwashe hotunan mutum daga na'ura. Kwafa yake yi, ya bar na asali a inda suke, don ko wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki ba a yi asara ba. Ta biyu, ba a fizge waya daga jikin kwamfuta. Sai an danna wurin sallamar na'ura, kwamfuta ta ce ta sake ta, sannan a zare.

"Baƙo ne fa," yakan ce wa masu gaggawa. "Ka bari a sallame shi."

Wata ranar Laraba, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, ya fara tattara kaya. Maiɗakinsa ta ce ya biya ya sayo wa yarinyar maganin tari. Yana neman makulli sai inuwa ta tsaya a bakin ƙofa. Dogo ne, mai hoto, amininsa tun suna zama a benci ɗaya a firamare. Shi ne ma ya ɗauki hoton yarinyar nan mai giɓi.

Dogo bai shigo ba, bai kuma miƙo hannu ba. Daga bakin ƙofa ya miƙa wani abu a naɗe cikin tsohon tawul ya ajiye a gefen teburi.

"Mutumina, wannan ramar fa?" in ji Injiniya. "Ko kyamarar ce take cinye maka abinci?"

Dogo ya yi wata gajeriyar dariya. "Aiki ne kawai. Ka taimake ni, kwamfutata ta ƙi ganin wannan. Hotunan wani tsohon gida ne da za a rushe, magada suka ce in ɗaukar musu na tunawa. Gobe da safe suke so."

"Yanzu da magariba?"

"Minti goma ne a wurinka. Ka zuba su a taka kwamfutar, in zo da abin ɗauka gobe. Amma ka kwashe su kaf. Kada ka bar ko ɗaya a ciki."

"Ka san ba na kwashewa."

"Yau dai ka yi. Saboda ni."

Shekara talatin ke nan Injiniya bai taɓa ce wa Dogo a'a ba. Ya ce to. Dogo ya ce bari ya sayo batir ya dawo, ya juya da sauri, har yana tuntuɓe da dakalin tela.

Injiniya ya warware tawul. Tsohuwar kyamara ce baƙa, gefenta ya goge da riƙo. Sanyi gare ta kamar an ciro ta daga randa. Ya sa mata waya, ya soka a kwamfuta. Kwamfutar ta yi ɗan ƙaran nan da take yi idan ta ji baƙo, sannan ta rubuta cewa ba ta san wannan na'ura ba.

Bai damu ba, abin yau da kullum ne. Ya canza waya. Haka. Ya zare daga kafar gaba ya zagaya ya soka a ta baya. Haka dai. Ya ce to bari ya ciro katin memori ya karanta shi daban. Ya buɗe murfin, babu kati a ciki. Ashe a cikin cikinta ta ajiye hotunan. Ya buɗe wurin batir, nan ma wayam, amma ga ɗan jan haske yana ci a goshinta. Ya ce a ransa daga wayar take shan wuta, ya wuce wurin.

Saura direba. Ba direban mota ba. A wajen masu wannan sana'a, direba wani ɗan shiri ne da ake sa wa kwamfuta ya yi mata tafinta da baƙuwar na'ura, in babu shi ba sa jin yaren juna. Ya duba ma'ajiyarsa, babu na irin wannan kyamara. Yana kakkaɓe tawul ɗin sai faifai ya faɗo, babu rubutu a jikinsa. Ya ce Dogo sarkin mantuwa, ya kawo bai faɗa ba.

Ya sa faifan. Faifan ya juya, ya yi gurnani, ya yi shiru. Sai wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar: ba a san wanda ya haɗa wannan direba ba. Ka yarda da shi?

Da wani ne ya kawo, da ya tsaya. Amma Dogo ne.

Ya danna e.

Keken tela ya tsaya. Motocin titi suka yi nisa, kamar an rufe su cikin tulu. Fankar kwamfutar ta rage gudu har ana iya ƙirga juyinta. Ƙaurin dalma ya ɓace, wani wari ya maye gurbinsa, warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, da jiƙaƙƙiyar ƙasa, da tsohuwar toka.

Kyamarar ta buɗe. Hoto ashirin da ɗaya.

Ya zaɓe su duka. Bakinsa ya ce wa Dogo to, amma hannu ba ya jin alkawari. Abin da ya saba shekara da shekaru shi ya yi, ya danna kwafa, ya zuba a sabuwar folda. Koren layi ya fara tafiya a hankali.

Hoton farko ya buɗe da kansa. Tsakar gida ce babu kowa, da busasshiyar bishiya, da rijiya an rufe ta da katako. Na biyu, wani ɗaki da tabarma a shimfiɗe. Na uku, ɗakin dai, amma an naɗe tabarmar.

A na biyar akwai mutane. Su uku, a zaune a bakin rijiyar, sun ba da baya. Gajeru ne, kawunansu a lulluɓe.

A na takwas sun tashi tsaye.

Na goma ba tsohon gida ba ne. Ɗakin Dogo ne. Injiniya ya san labulen, shi ya taya shi ɗaurawa. Ga Dogo yana barci, an ɗauko shi daga sama, daga inda babu mai iya tsayawa.

Na sha biyar, layinsu ne, ga shagon tela.

Na sha takwas, ƙofar shagonsa.

Na sha tara, bayan wani mutum ne a zaune gaban kwamfuta, da rigar da ke jikinsa yanzu.

Bai waiwaya ba. Kujerar baƙi da ke bayansa ta yi ƙara, irin ta wanda ya zauna a hankali. Wani sanyi ya taɓa ƙeyarsa.

"Mun gode da masauki," wata murya ta ce, ƙasa-ƙasa, kamar tsohuwa da yaro suna magana a tare.

Da ƙyar ya ce, "Wa ya ba ku masauki?"

"Abokinka. Ya ɗauke mu a gidanmu bai yi sallama ba, muka zauna a nasa. Ya yi ta kuka. Muka ce ba ma tashi sai wani ya kwashe mu da hannunsa, da yardarsa. Ya ce yana da mutum. Ya ce kai ba ka iya ce masa a'a."

Maganar nan ta fi sanyin shiga jikinsa.

"Wannan ce ƙaramar?" in ji muryar. Hoton ya matsa gefe da kansa, fuskar yarinyar ta leƙo. "Ya ba mu labarinta. Ya ce ɗakinta yana da taga."

Koren layin ya kai ashirin. Saura ɗaya.

Sai muryar ta canza. "Me ka yi? Ga mu nan, ga mu can. Ba ka kwashe mu ba."

Nan ya gane. Na asali suna cikin kyamara. Ƙafarsu ɗaya ce kawai ta shigo.

Ya danna tsaya. Layin ya daskare. Ya zaɓi foldar ya goge, ya bi ta kwandon sharar kwamfuta ya zubar. Ya kai hannun hagu ga wayar zai fizge.

Shagon ya yi tsit.

Irin shirun mai jira ne. Ya ji numfashi uku a bayansa, duk sun tsaya. So suke ya fizge. Wanda aka yanke wa hanya ba a sallame shi ba, a inda yake zai zauna.

Ya saki wayar.

Ya kai linzamin kwamfuta ƙasan kusurwa. Ya danna sallama.

Kwamfutar ta ce ba za a iya ba, ana amfani da na'urar.

Wani abu mai laushi ya dafa kafaɗarsa. Yatsu ne, sun yi yawa.

Me ke buɗe? Ya rufe foldar kyamarar. Ya sake dannawa. Ana amfani da na'urar.

"Ka juyo mu gaisa," in ji muryar, dab da kunnensa.

Ya runtse ido ɗaya, yana karanta addu'ar da ta zo bakinsa. Hoton. Hoto na sha tara yana nan a buɗe, ya ɓuya a bayan sauran. Ya jawo shi. Yanzu mutumin da ke ciki ba shi kaɗai ba ne.

Ya rufe shi.

Ya danna sallama. Ya buɗe baki, da muryar da ba ta yi kama da tasa ba, ya ce, "Na sallame ku. Ku koma inda kuka fito."

Ɗaya. Biyu.

Kwamfutar ta ce yanzu ana iya zarewa.

Ya zare.

Jan hasken ya mutu. Keken tela ya ci gaba da ɗinki daga inda ya tsaya. Wata mota ta yi oda. Can nesa ana kiran salla, kuma rigar Injiniya ta jiƙe sharkaf da gumi.

Ya naɗe kyamarar da faifan a tawul ya fito. Bai yi nisa ba. Dogo na tsallaken titi, a bayan turken wuta, inda ake hango cikin shagon sarai. Babu batir a hannunsa.

"An kwashe?" Abin da ya fara fita daga bakinsa ke nan.

Injiniya ya tsaya yana kallonsa. Ya so a ce lafiyarsa ya fara tambaya, ko da na ƙarya ne.

"Na kwafa, na goge, na sallama. Suna ciki." Ya ajiye ƙunshin a gaban ƙafafunsa.

Dogo ya sulale ya tsuguna. "Kwana arba'in ban runtsa ba. Sun fara zama a gadon yarana. Huɗu gare ni, Injiniya."

"Ni ɗaya gare ni. Kai ka ce ta yi dariya, ka ɗauke ta."

"Da na gaya maka, da ba ka karɓa ba."

"Da ka gaya mini, da a ɗakinka zan kwana har mu san yadda za a yi. Ka sani."

Injiniya ya tsallaka, ya kulle shago, ya tafi neman maganin tari.

Kafin wata ya ƙare Dogo ya rufe wurin hotonsa ya kwashe iyalinsa, babu wanda ya san inda suka nufa. Injiniya ya cire direban nan, ya wanke kwamfutar tas ya sake zuba mata komai sabo. Duk da haka, wani lokaci idan rana ta yi ja, takan yi ɗan ƙaran nan na jin baƙo, alhali babu abin da aka soka mata. Akwatin ya fito ya tambaya ko ya yarda. Sai ya danna a'a, ya kashe ta, ya tafi gida da sauran haske. Hoton yarinyar ma ya sauke shi daga fuskarta.

Wata rana maiɗakinsa tana ninke kaya ta ce, "Wai ina Dogo ne? Ko sallama bai yi mana ba. Yarinyar nan kullum sai ta tambayi baffanta."

Ya daɗe yana kallon tagar ɗakin ɗiyarsa kafin ya amsa.

"Ni na sallame shi," ya ce.