Sammacin Sama'ila

"Kwance! Kowa ya kwanta!"

Motar 'yan kasuwa ta ci burki a kwanar da ke bayan Tsafe, don an gitta mata itace a hanya. Rana tsaka ce, damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsayi. Daga cikinta Bawa ya fito da bindiga, ya naɗe fuska da rawani. Mahadi na biye da shi yana zazzage aljihun mutane. Na ukunsu, Sama'ila, yana cikin jar Golf ɗinsa a gefen gona, inji a kunne. Aikinsa tuƙi, bai taɓa sauka daga mota a wurin fashi ba.

Bawa ya zura kai cikin motar don ya razana mata. Da ya janyo, rawanin ya maƙale a ƙofa ya warware. Wani tsoho mai sayar da wake ya ɗago kai.

"Bawa? Bawan Furfuri? Ashe kai ne anka ce kotu na biɗa."

Gindin bindiga ya sauka a bakinsa, jini ya ɓalle. Jarumtar Bawa ke nan, dukan tsoho da ke kwance.

"Mu tahi! Sama'ila, ja!"

Golf ta ɗauke su ta wata ɓarauniyar hanya da Sama'ila kaɗai ya san kanta. Kafin la'asar sun zagaye Gusau, sun isa maɓoyarsu, wani gidan gona da masu shi suka watsar a bayan Bungudu.

Bawa ya kasa zama. Mutum ne mai son jin sunansa a bakin jama'a, amma kalmar kotu ta tsorata shi.

"Kun ji mi tsohon ga yac ce? Ni ɗai aka biɗa, ko har da ku? Sati mai zuwa muna da dillalan shanu, kuma dole mu ratsa cikin Gusau. Ba ni shiga gari ban san matsayina ba."

"Oga, ai abin ba asiri ba ne," in ji Mahadi. "A rediyo na ji. Duk mai so shi tahi kotu shi tambayi magatakarda, a duba mai in da sammacin kamu bisa sunan mutum."

Bawa ya murmusa kamar shi ya ƙirƙiro dabarar. Ya ce za su tura yayarsa Habiba, mai sayar da awara a Bungudu. Ita ce ke cin naman da yake kawowa, tana rantsuwa ba ta san sana'arsa ba.

Ranar Litinin da hantsi Habiba ta zuba mayafi ta shiga ofishin magatakardan wata kotun majistare a Gusau. A kan benci akwai wani mutum cikin kaftani yana ɓare dafaffiyar gyaɗa. Ba ta ko kalle shi ba. Sufeto Bashiru ne, ɗan sanda mai gabatar da ƙara, yana jiran alƙali ya zauna.

"Malam, binciken aure ya kawo ni," ta ce wa magatakarda. "Maza ukku ad da son ɗiyata, nike son a duba min halinsu."

"Uku rigis? Hajiya, 'yar nan taki ta yi farin jini. Faɗi sunayen."

Ta faɗa. Ya shiga dubawa yana gyara tabarau.

"Bawa na Furfuri, fashi da makami, ya tsallake beli. Akwai sammaci a kansa. Mahadi ma haka. Hajiya, a wace kasuwa 'yarki take tsinto manema?"

"Na ukkun hwa?"

"Sama'ila na Wanke." Ya duba, ya sake dubawa. "Babu komai. Wannan fes yake. In shawara kike nema, shi za ki ba."

Ta yi godiya ta fita tana jin ta yi wayo. Sufeto Bashiru ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa. Sunaye biyun farko ya daɗe da haddace su. Na ukun bai taɓa ji ba, amma bai ga abin da zai kawo sunan mutumin kirki tsakanin ɓarayi biyu ba. Ya kira wani ɗan sanda mai farin kaya, ya nuna masa mayafin Habiba.

Mutumin ya bi ta a kan babur har ƙofar gidanta. Can da azahar jar Golf ta zo ɗaukarta. Ya riƙe lambar motar a ka, ya juya, don in ya bi su cikin daji za su gan shi.

A gidan gona Habiba ta zayyana musu komai. Da Bawa ya ji akwai sammaci a kansa, sai ya hau buɗa hanci, kai ka ce sarauta aka ba shi.

"Gwamnati ta san da ni," ya ce. "Ni ba ƙaramin ɓarawo ba ne."

"Ni hwa, Yaya Habiba?" Sama'ila ya tambaya.

"Kai babu. Har cewa ya yi kai ne na kirki."

"Alhamdu lillahi," ya ce, yana washe baki. Tunanin innarsa da ke Wanke ya yi, wadda har yanzu ta ɗauka lodin fasinja yake yi tsakanin Gusau da Tsafe. Ɓarawo ne kamar sauran, amma yana son a binne shi da sunan direba.

Ba wanda ya taya shi dariya. Mahadi ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Oga, ka ji wani abu? Tare muka fita, tare muka dawowa. Mu an rubuta mu, shi an tsallake shi. Wa ka goge suna a kotu in ba mai yi musu aiki ba?"

"Mahadi, ka san ba ni sauka mota. Wa ya taɓa ganin huskata? Ba a taɓa kama ni ba, ta ina za su san ni?"

"Shi ne muka tambaya. Mi ya sa ba a taɓa kama ka ba?"

Gaskiyar Sama'ila a fili take, ko yaron goye zai gane ta. Amma Bawa ba ya tunani da ka, da tsoro yake yi. Ya tuna tsohon da ya kira sunansa, ya tuna ranar da aka kama shi a tasha, ya haɗa duka ya ɗora a kan mutumin da ke tsaye gabansa.

"Infoma," ya ce. "Kai ne ka saida mu."

"Oga, wallahi tallahi, a kawo Alƙur'ani in dafa. Ka tuna ranar da anka harbe ka a cinya, wa ya tsere da kai cikin mota? Yaya Habiba, ki yi magana."

Habiba ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fita waje. Ta san ƙaninta, kuma ba ta son awararta ta rasa jari.

"Oga, innata..."

Harbi ɗaya. Tsuntsaye suka tashi daga kan ɗorawa. Suka ja shi zuwa tsohuwar rijiyar gonar, Mahadi ya fara cire masa agogo kafin su tura shi. A ranar Bawa ya ci tuwo ya ƙoshi, yana cewa ya tsarkake tafiyarsa.

Ranar aiki Mahadi ya karɓi makullin Golf, shi da tuƙinsa bai wuce na Keke Napep ba. Bai san cewa tsoho mai wake, da bakinsa a kumbure, ya riga ya shaida wa Sufeto Bashiru jar motar da ya gani a gefen gona ba. Tun safe 'yan sanda suke zaune a mashigar Gusau suna jiran lambar da ɗan sanda mai farin kaya ya riƙo.

Ko dillalan shanun ba su gani ba. Suna karyo kwana suka hangi shinge, da Hilux a bayansa.

"Juya! Juya, ɗan banza!"

Mahadi ya murɗa sitiyari, motar ta mutu. Ya tayar — ta sake mutuwa! Da ƙyar ta tashi, suka koma ta hanyar Bungudu, jiniya na bin su.

"Shiga ɓarauniyar hanya!"

"Wacce, Oga? Sama'ila ne ya san ta!"

Ya faɗa ta farko da ya gani. Hanyar shanu ce, ruwan jiya ya mayar da ita taɓo. Golf ta nutse har ƙofa, tayoyi na juyawa a banza. Harsashi ya fasa gilashin baya.

Bawa ya buɗe ƙofa, ya finciko Mahadi ya tura shi gaba don ya tare masa. Mahadi ya ɗaga bindiga — tau! tau! — ya kife a cikin laka bai ko harba ba. Bawa ya jefar da tasa ya kutsa cikin dawa.

Ba su sha wuyar nemansa ba. A kwance suka same shi cikin kunya, wando a jiƙe, yana kiran kowane kurtu ranka ya daɗe. Suka sa masa ankwa suka zaunar da shi a bayan Hilux, kusa da gawar Mahadi.

Sufeto Bashiru ya leƙa Golf, ya dawo.

"Ina direbanku? Ina Sama'ila?"

Bawa ya tattaro ɗan guntun girman kan da ya rage masa. "Ɗan naku? Ku tahi rijiyar gona ku ɗauko shi. Kun aza ban gane infomanku ba?"

Sufeto ya kalle shi kamar yadda ake kallon abin da aka tako a takalmi. Ya zaro takarda daga aljihu, ya buɗe ta a gaban idonsa. Sunan Sama'ila ne a jiki, da hatimin kotu da sa hannun alƙali.

"Sammacin kama shi ke nan. Jiya aka sa hannu. Shekara da shekaru muna neman mai tuƙa ku, ko sunansa ba mu sani ba, sai da ka aiko yayarka ta kawo mana shi har ofis."



Da yamma aka ciro Sama'ila daga rijiya, aka kai wa innarsa a Wanke. Tsoho mai wake ya rasa haƙoran gaba. Habiba ta kwana a caji ofis tana rantsuwar da ta saba. Sammacin kuwa Sufeto ya mayar wa magatakarda, ya ce a rubuta cewa wanda ake nema ya rasu kafin a kai gare shi.

Yana nan a kotun har yanzu. Duk mai son sanin ko Sama'ila ya ci amanar abokansa, ya je ya tambaya, za a duba masa.