Farfela a Juye

A teburin awo ya fara ganinta. An sa gasar ƙera ƙananan jirage marasa matuƙi, masu kai magani inda mota ba ta shiga. Tun da aka ji kyautar, samarin da suka saba ɗumama benci suka koma ƙera fikafikai. Ita ce ke ɗora kowane jirgi a sikeli.

"Malam, jirginka ya fi ka ƙiba. Je ka rage masa."

Ya karɓi lambarta wai don tambayar ƙa'ida. Ba a jima ba ƙa'ida ta zama hira. Tana ce masa Kaftin, yana ce mata Sarauniya.

Da maganar aure ta taso, babanta, tsohon makanikin jirgin sama, ya ce sam. "Mai kayan wasan yara zan ba 'yata?" Shi hankalinsa yana kan ɗan amininsa, wanda shi ma yana cikin gasar. Da ƙyar ta lallashe shi ya zo kallo.

Ranar gasa Kaftin yana ɗaura farfela, ido yana kan Baba. Farfelun irin wannan jirgi huɗu ne, biyu dama suke juyawa, biyu hagu, ko ɗan koyo ya sani. Sai ya musanya biyu. Yana danna maɓallin tashi jirgi ya yi ƙugi, ya wuntsila, ya kife a gaban takalman Baba. Fili ya ɗauki dariya.

Alƙalin gasa ya matso. "In inji ne ya ba da matsala, doka ta ba ka dama ta biyu."

Abokan aikinsa sai ƙifta masa ido suke yi. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Inji lafiyarsa ƙalau. Ni na ɗaura farfela a juye."

Ɗan aminin Baba ne ya ci. Kaftin ya kwashe tarkacensa a buhu, ya shige ɗaki ya rufe. Saƙonta na farko ya shigo:

"Kaftin ɗina, jirgi ne ya faɗi, ba ni ba. Ɗaga waya."

Ya karanta, ya kife wayar. Da wace fuska zai ɗaga? A zatonsa tausayi ne, bankwana na biyo baya. Sai na biyu ya shigo:

"Baba na nemanka. In ba ka zo ba, ba ni ba kai har abada."

Ya je ya durƙusa tun daga bakin ƙofar falo, kai a ƙasa.

"Kai ne mai farfela?"

"Ni ne, Baba."

"An ba ka ƙofa, me ya hana ka fita?"

"Ba injin ba ne, Baba."

Tsohon ya gyara zama. "A aikinmu kowa yana kuskure. Wanda ya ɓoye nasa shi ke kashe mutane. Na sha ganin irinsu, kuma duk gwanaye ne. Hankalin tuƙi kam ba ka da shi tukuna, amma mutum ba zai kwana da tsoronka ba. Turo manyanka."

Bayan labule wani abu ya faɗi, aka ji gudu da dariya.

An ɗaura aure, ɗan aminin ma ya zo ya yi Allah sanya alheri. Da ango ya zo gaisuwa, har yanzu ya kasa haɗa ido da surukinsa. Baba ya dafa kansa.

"Ɗago, ɗana. Allah ya yi muku albarka. Gasa ta gaba ni zan riƙe maka sukuddireba."