Ganyen Gawo da Damina

Insifeta Muntaka bai gama kurɓar shayinsa ba Alhaji Fa'izu ya faɗo ofishin 'yan sanda na Zakirai, babbar riga tana sharar ƙasa.

"Yallaɓai, an yi ɓarna a Unguwar Inuwa. Jiya Juma'a an sare gawon bakin burtali. Maƙwabciyata Huseina ce ta sa, a filinta yake."

"Ka gani da idonka?"

"Saran dai ban gani ba. Amma na ga awakinta suna cin ganyensa, kore shar, an zube musu a turke."

Shi Muntaka mutum ne da kujera ba ta riƙe shi. Ko yana zaune ƙafarsa tana kaɗawa. Ya sa aka rubuta maganar Alhaji, Alhaji ya sa hannu, suka kama hanya a motar 'yan sanda, tare da kofur ɗaya da direba.

Unguwar Inuwa gonar gadon Malam Abdulhadi ce da aka yanka filaye, gero da dawa sun kewaye ta ko'ina. A bakin kututturen suka tarar da tsohon, ya dafa sanda, ido ya yi ja. Ya zaro takarda daga aljihu ya miƙa.

"Ɗana, sharaɗi biyu na kafa kafin in sayar, kowa ya sa hannu a gaban dagaci, aka kai kotu aka buga hatimi. Wanda ya sare ɗanyen ice a filinsa ya bar filin. Burtalin nan kuma, daga gindin gawo zuwa tafki, hanyar shanu ce da ruwan sama, ba mai toshe shi. Ko fili ya canja hannu sau goma, sharaɗin yana bin sa."

"To yanzu fa?"

"Kwamitin unguwa zai zauna bayan La'asar. In ita ce, ta tashi ke nan, da marayunta huɗu. Wallahi ba na so, amma ni na kafa dokar."

Muntaka ya duba agogo, sha ɗaya saura. Ya tsuguna ya shafa kututturen. Yanka ne sumul, ga garin katako, ga warin baƙin mai. Wannan ba aikin gatari ba ne. Da ya ɗaga kai sai ya ga tulin yashi da bulo an jibge a cikin burtalin, daidai katangar Alhaji.

"Na wucin gadi ne, Yallaɓai," in ji Alhaji, tun ba a tambaye shi ba.

Huseina unguwarzoma ce, daga unguwar Bacirawa ta dawo nan bayan rasuwar mijinta. Ɗaki biyu ta samu ta gina. Suka same ta ta fara ɗaure tukwane a buhu, abin tausayi.

"Ina kike jiya da azahar, lokacin da maza suke masallaci?"

"Ina asibiti, Yallaɓai, wata ce take haihuwa. Sai Magariba na dawo na tarar da icen a ƙasa."

"Ganyen da ke turkenki fa?"

"Ta kan katanga aka jefo. Na zaci wani ne ya tausaya wa awakin, har addu'a na yi masa."

Muntaka ya tsinci reshe ɗaya da awakin suka rage. Ƙananan ganye ne, da ƙaya. Ya jujjuya shi, wani abu yana yi masa kai-kawo a zuciya amma ya ƙi fitowa. Ya cusa reshen a aljihu ya fita, ko sallama bai yi ba.

A filin Alhaji akwai wani Kamaruddeen mai buga masa bulo da inji.

"Ka je masallaci jiya?"

"Ban samu zuwa ba, Yallaɓai. Aiki ya yi yawa, injin bai huta ba tun sha biyu har uku. Ban ji komai ba."

"Madalla da ƙoƙari. Nuna min bulon jiya."

Kamaruddeen ya yi nuni da wani layi. Muntaka ya daki ɗaya da takalmi, ya ji shi kamar dutse. Ya bi layin kaf yana duka, babu ɗanye ko ɗaya.

"Awa uku inji yana ruri, bai haifi bulo ko guda ba? Kai, Kamaru, ka ji tsoron Allah."

Kamaruddeen ya hau susar ƙeya, ya ce shi dai bai sani ba.

Azahar ta wuce, biyu ta wuce. Muntaka yana ta safa da marwa a burtalin, daga kututture zuwa tafki, daga tafki zuwa kututture. Ya san ƙarar injin ta rufe ƙarar zarto, amma wannan bai wanke Huseina ba, tunda ana iya cewa ita ta yi hayar Kamaru. Zufa ta ishe shi, ya nufi gindin wani gawo a gonar gefe don ya sha inuwa. Ya tsaya, rana ta ci gaba da dukansa. Ya ɗaga kai, rassa ne tsirara, ko ganye ɗaya babu.

"Kash! Muntaka, ɗan manomin garin Kunci, birni ya cinye ka!" ya faɗa da ƙarfi.

Ana idar da La'asar kwamiti ya zauna a kan tabarmi. Muntaka ya ajiye reshen a gaban Malam Abdulhadi.

"Baba, Alhaji ya rubuta mana cewa ya ga awakin Huseina suna cin ganyen gawon. Ga abin da suka rage."

Tsohon ya dubi Alhaji, baki buɗe.

"Ganyen gawo? A watan Agusta? Alhaji, gawo da damina yake tuɓewa, sai rani yake yin ganye. Shi ya sa gero yake son gindinsa. Wannan ai bagaruwa ce."

"Bagaruwa nawa ce a unguwar nan?" in ji Muntaka.

"Ɗaya tal. Tana cikin filin Alhaji, ta baya."

Aka ɗunguma can. An datse ta tun daga ƙugu, an lulluɓe da buhunan siminti, zarton inji yana kwance a ƙarƙashi. Kamaruddeen ya zube a ƙasa.

"Alhaji ne ya sa ni! Ya ce in gawon ya tafi babu mai sanin inda burtali ya fara, filin matar kuma zai dawo hannunsa. Da na ce icen ba ganye, ya ce ya bushe ne, in samo mai kama da shi."

Alhaji ya cire hula ya share goshi.

"Motoci uku gare ni, ba wurin juyawa. Na yi, Yallaɓai. Amma fisabilillahi, a kama ni saboda hanyar shanu?"

"Saboda ɓarna, da ƙarya ga hukuma, da ƙazafi ga mai marayu," in ji Muntaka. "Kofur, sa musu ankwa."

Malam Abdulhadi ya sake warware takardarsa.

"Kwamiti bai tashi ba tukuna. Huseina, je ki kwance tukwanenki, 'yata. Amma an sare ɗanyar bagaruwa a filin wani, kuma ga sa hannunsa a nan."

Huseina ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Idon kowa ya koma kan Alhaji.

Motar 'yan sanda ba ta yi nisa ba direba ya taka birki. Garken shanu ne ya taso daga tafki, ya cika burtalin, suna ratsa yashin Alhaji suna watsa shi.

"In yi musu hon, Yallaɓai?"

Muntaka ya jingina da kujera, ƙafarsa ta daina kaɗawa.

"Kashe motar. Hanyarsu ce, a rubuce take. Alhaji zai jira."