Goyon Keke a Hanyar Kuje

Shekarar da gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja, hadari ya tare Yamusa a hanyar Kuje gab da magariba. Iska tana dukan ƙirjinsa, yana taka keke da ƙyar, sai ya hangi wata tsohuwa a bakin hanya da ƙwarya a kafaɗa.

"Mama, hau in rage miki hanya, ruwa zai sauko."

Tana zama a baya, keken ya yi sakayau. Bishiyoyi suna rusunawa, wani kwanon rufi ya wuce su yana ƙara, amma ko hularsa ba ta motsa ba. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana tasowa daga bayansa, alhali ko ɗigo bai sauka ba.

"Ina za ki, Mama?"

"Gida. Ƙauyen gindin dutse."

"Ai katafila ta rushe shi tun bara. Motocin gwamnati sun kwashe kowa."

Ya matse birki, keken bai tsaya ba. Yatsu masu sanyi suka riƙe ƙugunsa.

"Masu rai suka kwashe, ɗana," ta ce a kunnensa. "Mu ba wanda ya zo ɗaukarmu sai kai."