Ƙuri'a Ɗaya Tsakanin Shinkafa da Masara

"Cire rigar nan, Gendis!"

Pak Darmo ya daki tebur har kofin shayinsa ya kife. 'Yarsa na tsaye bakin kicin riƙe da farantin soyayyen tempe, wato wainar waken suya, ga hoton masara ɓaro-ɓaro a ƙirjin rigarta. A zaɓen shugaban ƙauyensu na tsibirin Jawa kowane ɗan takara da alamarsa: shinkafa ta Pakde Sarwo ce, yayan babanta, wanda shi ke kan kujerar yanzu, masara kuwa ta Bu Warsini ungozoma.

"Ba zan cire ba, Pak. Shekara shida Pakde yana alkawarin gada, har yau kan gora muke tsallaka rafi da masu naƙuda!"

"To ki ji da kyau. Ko rigar nan, ko aurenki da Prayit. Ba na ɗaura auren mai tozarta jininta!"

Yarinyar da a da ko mai kayan miya ba ta iya yi wa ciniki, yau ita ke kallon ubanta ido cikin ido! Wata biyu na kamfe gida-gida, ana rufe mata ƙofa, ana yi mata dariya, su suka buɗe mata baki.

Da yamma Prayit ya iso a babur. Shi ne ejan ɗin Pakde a wurin ƙirga.

"Dik, ƙanwata, sati ɗaya fa ya rage a yi zaɓe. Ki ɗan lafa mana."

"Mas, yayana, kai ka lafa! Ni na ce ka bar shinkafarka?"

"Idan aka fasa auren fa?"

Hawaye suka zubo mata, ta share da gefen rigar. "Zan yi kuka, in gama, in je in manna fosta."

Ranar zaɓe bayan la'asar aka fara ƙirga a filin ƙauye, 'yan takara na zaune kan dandamali. Gendis ce ejan ɗin masara, tana fuskantar Prayit. Ana ɗaga takarda a rana a duba hudar ƙusar da mai zaɓe ya yi a kan alamar gwaninsa, jama'a su ɗau ihu. Aka zo kan ta ƙarshe, ɓangarorin biyu kunnen doki. Hudar na kan shinkafa, amma dab da layin da ya raba alamomin biyu.

"Ta lalace!" in ji 'yan masara. "Gendis, ki ce ta lalace, a sake zaɓe!"

Ta karɓa ta ɗaga sama. Hasken rana ya ratso ta cikin layi, ba waje ba.

"Lafiyarta ƙalau. Ta shinkafa ce."

Wai! Zagin da ta sha daga mutanenta ba ya faɗuwa. "Maciya amana! Miji take nema!" Bu Warsini kaɗai ta sauko ta riƙe hannunta har ta sa hannu a takardar sakamako.

Washegari sai ga Pakde Sarwo a gidansu, Prayit na biye. Pak Darmo sai washe baki yake. "Ka gani, Mas Sarwo? 'Yarmu ta dawo hanya."

"Ban dawo ba, Pak," in ji Gendis. "Hudar na gani na faɗa. Pakde, in wa'adinka ya ƙare babu gada, wallahi da ni za ka kara, ni da kaina!"

"Ni kuma in zama ejan ɗinta," in ji Prayit.

Pakde ya ƙyalƙyale da dariya. "Darmo, ka aurar da yaran nan tun ba su ƙwace min kujera ba! Simintin gada kuma a kawo shi wannan satin."

Bayan girbi, ta kan sabuwar gada aka wuce da amarya.

'Yan mata, ku riƙe wannan: bin ɓangare ba wuya, kowa ma yana yi. Faɗin gaskiya ranar da za ta kayar da naka, nan ake gane wanda ya girma. Wadda ta jure zagin ranar, ba ta rasa mutunci, ba ta kuma rasa masoyi.