Kwanon Dankalin Mama Gregoria

"Shinkafa ce ta ja miki, Mama," in ji Zenón ranar da suka dawo daga asibitin birni da sakamakon ciwon suga. "Abincin mutanen bakin teku, mu 'yan kan dutse ina ruwanmu da ita?"

"A daina dafa ta," in ji tsohuwar. "Dankalin gonarmu ba ya cutar ɗan gida. Ke, kina ji?"

Eulalia, matar Zenón, tana ji sarai. Ita kaɗai nas ta ja gefe ta ce mata dankali ba ya maye gurbin shinkafa, shi ma suga yake komawa a ciki. Ƙanana biyu sun isa, a bar su su huce, a cike kwanon da ganye da wake.

Har ta buɗe baki, sai ta tuna ranar da aka kawo ta gidan nan, shekara tara baya. A gaban dangi Mama Gregoria ta miƙa mata wuƙa da dankalin nan mai ƙulli-ƙulli da ake gwada amarya da ferayarsa. Wuƙar ta goce, ta yanke yatsa, jini ya ɓata dankalin. Tsohuwa ta ɗaga shi sama ta ce, "Ku gani, ɗana ya auro mana mahauciya." Har yau sunanta ke nan a bakin matan ƙauye.

Sai ta ja bakinta ta yi gum.

Ta dafa kuwa, ba rowa. Da safe dafaffe, da rana miyar busasshen dankali, da yamma dakakke da zafinsa, kwano har ya yi tozo. Tsohuwa na lashe cokali, ita kuma zuciyarta na yin sanyi.

"Ƙara mata, Lalina," Zenón kan ce yana shafa kitsonta. "Zuciyata, Allah ne ya ba ni ke..."

Wannan kaɗai ke sukarta, don tana son mutumin nan kamar ranta. Amma ai shi ma yana tsaye a wurin ranar, kuma da shi aka yi dariyar.

Cikin wata na shida wani ɗan ƙurji a yatsan ƙafar tsohuwa ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya fara wari. Aka yanke ƙafar daga gwiwa.

A barandar asibiti nas ɗin ta gane Eulalia. "Baiwar Allah, ba biyu na ce miki ba?"

Zenón ya juyo a hankali.

"Ta gaya miki?"

"Ta gaya min."

"Lali... ce min mantawa kika yi. Don Allah ki ce haka, zan yarda."

Da ta faɗa, da an wuce wurin. Ta kalli idanunsa da suka yi jajur, nata hawayen na zuba, amma zuciyar nan ta shekara tara ta ƙi sauka.

"Ban manta ba. Abin da ta ce a ba ta na ba ta."

"Uwata ce fa..."

"Ni kuma matarka ce, Zenón. Ko sau ɗaya ka taɓa ce mata ta bari?"

Daga cikin ɗaki muryar tsohuwa ta fito a raunane.

"Zenón, ina matarka? Ce mata ta kawo min dankalina. Ni ba na cin girkin kowa sai nata."

Ya kama ƙofar, ya tsaya bai waiwayo ba.

"Ta koma gidansu, Mama," ya ce.